Windows 10 ya ƙare: ya za a yi da kwamfutocin tokumbo?

Malam Habu:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ya kamata mu daidaita baki a kanta, don masu kwamfuta suna ta tambaya, kowane shago kuma da amsarsa. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft suka daina aiko wa Windows 10 sabuntawar tsaro ta kyauta. Kwamfutar za ta tashi ta yi aiki kamar jiya, sai dai duk ɓarakar da aka gano daga baya ba mai toshe ta. Windows 11 kuma ya zo da sharuɗɗa: ram 4GB, wurin ajiya 64GB, UEFI mai Secure Boot, TPM 2.0, sannan firosesa ta Intel daga janareshan na 8 zuwa sama. To abin da ya cika kasuwarmu EliteBook 840 G3 ne da Latitude E7470 da ThinkPad T460, dukkansu janareshan na 6. Me za mu riƙa gaya wa masu su?

Ɗanjuma:
Wa alaikumus salam Malam. Ni dai a ganina wannan dabarar sayar da sababbin kwamfutoci ce, ba wani tsaro. A 2015 wani ma'aikacinsu, Jerry Nixon, ya tsaya a taro ya ce Windows 10 shi ne na ƙarshe. Shekara shida sai ga 11. Kwamfuta mai i7 da ram 16GB a ce ba ta isa ba, amma ƙaramar Celeron ta 2019 mai rarrafe ta isa?

Injiniya Rabi:
Ɗanjuma, rabin maganarka gaskiya ce, rabi kuma akwai gyara. TPM ba ado ba ne. Ɗan guntu ne da ke riƙe makullan sirri a wajen faifan ajiya, shi ya sa in an sace laptop mai BitLocker, wato tsarin Windows na kulle faifai, aka cire faifan aka jona a wata na'ura ba abin da za a karanta. Secure Boot kuma yana hana mugun abu ya riga Windows tashi. Waɗannan biyun ba ni da ja a kansu.

Inda hujjarsu ta yi rauni shi ne jerin firosesa. Sun ce suna son tsaron da ke killace ƙwaryar Windows ya yi aiki ba tare da na'ura ta yi nauyi ba, kuma abin da ke sauƙaƙa hakan a Intel shi ne wata fasaha ta cikin firosesa mai suna MBEC. To MBEC ya fara ne daga janareshan na 7, amma sun bar na 7 a waje, sai 'yan ƙalilan irin su i7-7820HQ, wadda ita ce a cikin Surface Studio 2 nasu. Biri ya yi kama da mutum. A ɗaya ɓangaren sun karɓi Ryzen 5 2600 wadda ba ta da makamancinsa. Abin da suka kare kansu da shi a 2021 alƙaluma ne: wai na'urorin da ba su cika sharaɗi ba sun fi faɗuwa da kashi 52 cikin 100. Alƙaluman nasu ne, su suka tattara.

Alhaji Isiyaku:
Injiniya, ku da kuka sani ku yi mana a sauƙaƙe. Mai sayarwa a Farm Centre ko Beirut Road ba MBEC zai gaya wa kwastoma ba. Yaya mutum zai gane tasa ta shiga ko ba ta shiga ba?

Malam Habu:
Alhaji, minti biyu ne. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, a shiga Performance, a duba sunan firosesa. Lambar farko bayan karan ita ce janareshan: i5-6300U na 6, i5-7200U na 7, i5-8250U na 8. In an ga 10210U ko 1135G7, lambobi biyun farko ake karantawa, 10 da 11. Sannan a danna madannin Windows da R, a rubuta tpm.msc, a duba Specification Version. In ya ce bai ga TPM ba, kada a yanke hukunci tukuna, sau da yawa a kashe yake a BIOS. HP F10 ake dannawa, Dell F2, ThinkPad F1. A Intel sunansa PTT, a AMD fTPM.

Kada a dogara da sunan laptop kawai. EliteBook 840 G5 da ThinkPad T480 da Latitude 7490 an san su da janareshan na 8, amma duk akwai waɗanda suka fito da i5-7200U ko 7300U. Jiki ɗaya, kwali ɗaya, ciki daban. Haka Ryzen 5 2500U, lambarta ta fara da 2 amma ba ta cikin jerin.

Injiniya Rabi:
Ƙari kan wannan, Alhaji, don ya shafi ciniki kai tsaye. Firosesa masu U a ƙarshe, na 6 da na 7 ƙwaya biyu gare su, har i7 ɗinsu. Daga na 8 ne i5 da i7 suka koma ƙwaya huɗu. Saboda haka i5-8250U ta fi i7-7500U ƙarfi nesa ba kusa ba. Wanda ya ƙara kuɗi don ya ga tambarin i7 a kan EliteBook G3 ko G4 ya sayi suna ne.

Alhaji Isiyaku:
To wannan kam dole 'yan kasuwa mu ji. Amma kayan da ke ƙasa fa? Ba za a zubar ba.

Baffa:
Ba mai zubarwa, Alhaji. Windows 11 yana hawa G3 lafiya lau. A sauko da ISO, wato fayil ɗin ɗora Windows, daga shafin Microsoft, ba daga wani wuri ba, ya haura 5GB. A samo filash mai 8GB ko fiye, a buɗe Rufus, manhajar da ke mayar da filash abin ɗora Windows, a zaɓi GPT. Da an danna Start zai fito da akwatunan zaɓi: na cire sharaɗin ram da Secure Boot da TPM 2.0, na cire tilascin asusun Microsoft, da na hana BitLocker kunna kansa. A yi musu alama. A BIOS a kashe Legacy a bar UEFI. HP F9 ke kawo jerin abin da za a tayar da shi, Dell da Lenovo F12. In an tashi daga filash aka yi fomatin, ba ya ma tsayawa duba jerin firosesa.

Wanda ba ya son fomatin, akwai hanyar rajistiri: a HKEY_LOCAL_MACHINE\SYSTEM\Setup\MoSetup a ƙirƙiri DWORD mai suna AllowUpgradesWithUnsupportedTPMOrCPU a ba shi 1, sannan a buɗe ISO a danna setup.exe. Wannan tana buƙatar aƙalla TPM 1.2, kuma G3 tana da shi. Su Microsoft ɗin da kansu suka wallafa ta, daga baya suka cire daga shafinsu.

Malam Habu:
Baffa, yana hawa, ba musu. Amma ka faɗi sauran, don tsugune ba ta ƙare ba. Sabuntawar wata-wata takan zo, amma babbar ta shekara ba ta zuwa da kanta a kan na'urar da aka tsallaka mata shinge. Kowane bugu na Home da Pro wata 24 ake tallafa masa. Bugun Windows 11 mai suna 23H2 ya ƙare ranar 11 ga Nuwamba 2025. Wanda aka ɗora masa shi a 2023 ya tafi gida yana ganin yana kan Windows 11, yau matsayinsa ɗaya da mai Windows 10, kuma bai sani ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Duk wanda ya yi wa mutum wannan aiki ya rubuta masa bugun da ranar ƙarewarsa, ya gaya masa zai dawo. A duba bugun ta danna Windows da R a rubuta winver.

Na biyu, daga bugun 24H2 firosesa sai tana gane umarnin SSE4.2 da POPCNT. Wannan ba shinge ba ne da Rufus zai cire, Windows ɗin ne ba zai tashi ba sam. Core 2 Duo duk sun fita, wato tsofaffin OptiPlex 755 da 780 da ke bizines santa. Jiya sun hana Core 2, ba wanda ya yi alƙawarin gobe ba za su ɗaga ba.

Baffa:
Na yarda da batun rubuta rana. Amma dawowa sau ɗaya a shekara biyu ba wani abu ba ne. A yi sabon filash da Rufus, a buɗe shi cikin Windows, a danna setup.exe, a zaɓi barin fayiloli da manhajoji. Awa ɗaya zuwa biyu a kan SSD.

Hajiya Talatu:
Awa ɗaya zuwa biyu in akwai wuta, Baffa. Tokumbo nawa ne batirinsu ke kai minti arba'in? A ɗauke wuta ana tsakiyar ɗorawa, wani lokaci ya koma tsohon da kansa, wani lokaci ya shiga zagayen tashi da faɗuwa. Mafi muni shi ne masu cewa bari su ɗaga TPM na G3 daga 1.2 zuwa 2.0, ko su sabunta BIOS, a kan caja kaɗai. HP suna da manhajar ɗaga TPM ɗin, gaskiya ne, amma sai an warware BitLocker tukuna, in ba haka ba makullan sun tafi. Kuma ko an ɗaga, firosesar tana nan a janareshan na 6, PC Health Check, manhajar Microsoft mai duba ko na'ura ta cancanci Windows 11, zai sake cewa a'a. BIOS kuwa in wuta ta yanke ana rubuta shi, allo ya yi baƙi, sai an kai ga mai na'urar rubuta guntun da ke kan bodi. Kada a taɓa waɗannan sai da batir mai rai ko inbata.

Ni shawarata ga mai G3 da ke aikin ofis: ya tsaya a Windows 10 ya shiga ESU, shirin Microsoft na ƙarin wa'adin sabuntawar tsaro. Settings, Update & Security, Windows Update, zai ga wurin shiga in yana kan 22H2 kuma ya gama sabuntawa. Hanya uku ce: dala 30, ko maki 1000 na Microsoft Rewards, ko kyauta in ya yarda a adana saitinsa a asusun Microsoft. Asusu ɗaya yana ɗaukar na'ura har 10. Wa'adin da suka sanar wa ɗaiɗaikun mutane 13 ga Oktoba 2026 ne. Kamfanoni nasu daban, dala 61 kowace na'ura a shekarar farko, ya ninka duk shekara, har shekara uku.

Ɗanjuma:
Kun gani ko? "Kyauta" amma sai ka buɗe musu asusu. A Turai ƙungiyoyin kare masu saye suka matsa, aka cire musu sharaɗin adana saitin. Mu nan wa zai matsa?

Injiniya Rabi:
Hajiya ta kawo hanya mai kyau, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. ESU yana son Windows mai lasisi na gaskiya. Kwamfuta nawa ne a garin nan ke da shi? A buɗe Command Prompt a rubuta slmgr /xpr. In ya ce an kunna shi dindindin, madalla. In ya ba da ranar ƙarewa, da KMS aka kunna shi, wato hanyar kunna lasisin kamfanoni, mai ƙarewa bayan kwana 180 in ba a sabunta ba. A ofishin da ya sayi lasisin jumla wannan daidai ne, a laptop ɗin ɗalibi kuwa kirak ne. Kuma masu sa kirak abu na farko da suke yi shi ne kashe Defender, na biyu kashe Windows Update don kada ya ci data. Irin wannan na'ura ba a Oktoban 2025 ta daina samun tsaro ba, tun ranar da aka ɗora mata ta daina. Muna ta muhawara kan ƙofar gaba alhali katangar baya a rushe take.

Abin takaicin, yawancin laptop na kamfanoni da suka fito da Windows 8 ko 10 lasisinsu na cikin BIOS. A Windows 10 a rubuta wmic path softwarelicensingservice get OA3xOriginalProductKey, makullin zai fito. In aka ɗora ISO na asali, bugun da ya dace, Pro ga mai Pro, aka jona intanet, da kansa zai kunnu. Ana sa wa mutane na sata a kan na'urar da tuni an biya mata na halal.

Malam Habu:
Wannan ita ce maganar. Kuma masu cewa "ai Windows 7 ma har yanzu yana aiki" su tuna Mayu 2017. Bairos ɗin WannaCry ya bi ta ɓarakar SMBv1, tsohuwar hanyar raba fayiloli ta Windows, Microsoft sun fitar da maganinta tun Maris, waɗanda ba su sabunta ba su aka kwasa, har asibitocin Ingila. Ba sai ka danna komai ba, kasancewa a kan hanyar sadarwa ɗaya ya isa. Sannan manhajoji kan janye a hankali: Windows 7 ya ƙare Janairun 2020, Chrome ya tsaya masa a bugu na 109 a farkon 2023. Windows 10 ma haka za ta faru, ba dai yau ba. Office 2016 da 2019 su ma ranar 14 ga Oktoba 2025 suka ƙare, mutane ba su lura ba.

Mamman Maraɗi:
Salamu alaikum manya. Ba wanda ya ambaci Linux, tsarin kyauta da ake ɗorawa a madadin Windows, ko an yi masa takunkumi ne a zauren nan? Linux Mint 22 yana da tallafi har 2029, ISO ɗinsa kusan 3GB, ba ruwansa da TPM ko janareshan. Bugun Xfce yana tafiya a kan ram 4GB, har Core 2 Duo ɗin da Malam Habu ya yi wa jana'iza. Ɗalibi mai buɗe burauza da rubuta takarda da kallon darasi ba abin da zai rasa. Bairos ɗin filash mai mayar da fayiloli gajerun hanyoyi ba ya aiki a kansa. Haruffanmu masu ƙugiya ma akwai tsarin madannan Hausa a cikin saitin kibod.

Gargaɗi ga namu na Nijar: laptop da suka zo daga Faransa kibod ɗinsu AZERTY ne. A zaɓi tsarin Faransanci tun wajen ɗorawa, in ba haka ba A da Q, Z da W za su musanya, mutum ya sa fasawod ya kasa shiga da shi.

Hajiya Talatu:
Mamman, ɗalibi na yarda. Bizines santa fa? CorelDRAW ne abincinsu, katin biki da kalanda da hatimi. Shi da Photoshop da AutoCAD ba su da bugun Linux. Inkscape, manhajar zane da ke aiki a Linux, yana buɗe fayil ɗin CDR na CorelDRAW, amma rubutu da inuwa kan watse. Ga firinta: Canon LBP2900 direbanta na CAPT a Linux wahala ne tsantsa, HP LaserJet 1020 da P1102 sai an sauko da ƙarin fayil ta hplip kafin su buga ko layi ɗaya. Na'urar ɗaukar hoton yatsa ta masu rajista kuwa manhajarta ta Windows ce.

Mamman Maraɗi:
Mai Corel ya zauna a Windows, Hajiya, ban ja ba. Amma ya cire wannan na'urar daga intanet, ya ware wata ta Linux don imel da shafukan rajista. Takardun Word da ke watsewa a LibreOffice, madadin Office a Linux, kuma yawanci ba laifin manhajar ba ne, rashin salon rubutu ne. A saka Carlito a madadin Calibri, Caladea a madadin Cambria, faɗinsu ɗaya, shafuka ba za su goce ba. Abubuwa uku ke kayar da sabon shiga. In mai ɗorawa bai ga faifan ba a Dell, a BIOS a mayar da SATA daga RAID zuwa AHCI, amma in akwai Windows a kai kada a canza kai tsaye, zai ƙi tashi. In Wi-Fi bai fito ba, galibi katin Broadcom ne, a jona waya da kebul a ba ta intanet, a buɗe Driver Manager. In an haɗa shi da Windows a na'ura ɗaya, a kashe Fast Startup, kuma agogo zai riƙa gocewa da awa ɗaya don Linux yana ajiye lokacin UTC mu kuma muna gaba da awa guda. Maganinsa timedatectl set-local-rtc 1.

Baffa:
Duk wanda za a ɗora, 10 ko 11 ko Mint, in HDD ne a ciki ɓata lokaci ne. SSD mai 256GB da ram 8GB sun fi kowane canjin Windows tasiri. A kula da nau'in ram: 840 G1 da G2 DDR3L suke ci mai 1.35V, in aka sa DDR3 mai 1.5V ba za ta kawo hoto ba. G3 zuwa G8 DDR4.

Alhaji Isiyaku:
To na fahimta. Na 6 da na 7 a faɗa wa mai saye gaskiya a rage kuɗi, sabon oda kuma daga na 8. Akwai wani abin dubawa kafin a biya dila?

Injiniya Rabi:
Biyu, Alhaji. Na farko a shiga BIOS a tabbatar ba fasawod. A waɗannan na kamfanoni cire ƙaramin batirin bodi ba ya goge shi, kuma in a kulle yake ba kunna TPM, ba canza komai. Na biyu Autopilot. Kamfanonin Turai da Amurka kan yi wa na'urorinsu rajista a wurin Microsoft, wasu su sayar ba su cire ba. Dila ya ɗora Windows ba intanet, komai lafiya. Ranar da aka yi fomatin aka jona Wi-Fi a matakin farko, sai allo ya nuna sunan wani kamfani yana neman imel ɗin ma'aikaci. Rajistar tana bin bodin ne, canza SSD ba ya cire ta, kamfanin ne kaɗai zai iya sakinta. A ɗauki guda biyu ko uku daga kowane kwali a yi musu fomatin da intanet a jone kafin kuɗi su fita.

Hajiya Talatu:
A ƙara da BitLocker. Daga 24H2, in aka yi sabon ɗori aka shiga da asusun Microsoft, faifan kan rufe kansa har a bugun Home. Makullin ceto mai lamba 48 yana tafiya asusun da aka shiga da shi. In yaron shago ya sa imel ɗinsa don ya yi sauri, ran da aka taɓa BIOS ko aka canza bodi, kwamfuta ta nemi lambar, fayilolin kwastoma suna hannun wanda wataƙila ya bar shagon. A sa asusun mai na'urar, a buga masa lambar a takarda.

Ɗanjuma:
Har yanzu ba wanda ya ba ni amsar dalilin barin janareshan na 7.

Injiniya Rabi:
Ai na ba ka tun farko, ƙanena, hujjarsu a nan ba ta tsaya da ƙafarta ba. Amma mai T470 da ke gabanka gobe da safe slmgr /xpr za ka fara duba masa.

Malam Habu:
Baffa, filash ɗin da ka ce, Rufus bugu na nawa? Tsofaffin suna cire shingen a sabon ɗori amma suna sarewa in an danna setup.exe a kan 24H2.

Baffa:
Daga 4.6 zuwa sama, Malam. A sauko da na ƙarshe kawai, kuma a kwashe abin da ke filash ɗin tukuna don zai share shi kaf.